Kwalbar Yara Goma a Hanyar Wuro Tappe

Fita daga Garwa

Ranar Alhamis na fita, bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Ɗana Bashir ya ɗauke ni a moto, wato babur, daga unguwarmu Hausare zuwa tasha, buhun gero a gabansa, ni kuma ina rungume da ƙullin goro da sukari. Kayan sadaka ne. Jikana Usmanu zai cika kwana arba'in da rasuwa ranar Asabar, a Wuro Tappe, wani ƙauye da ke bayan Bibemi inda 'yata Rabi take aure. Ƙyanda ce ta yi ajalinsa, yana da shekara biyu da 'yan watanni. Lokacin da abin ya faru ina kwance da ciwon ƙafa, Bashir ne ya je a madadina.

Sunan marigayi mijina aka sa wa yaron, shi ya sa nake kiransa Maigida. Zuwansu na ƙarshe Garwa, yakan shigo ɗakina ya buɗe kwanon goro, in ce, "Maigida, ba ka kawo cefane ba, kuma ka zo ɗibar mini kaya?" Sai ya yi dariya ya ruga waje da goro a hannu.

Ba addu'a kaɗai ta fitar da ni ba. Surukina Malam Isiyaku ya kira Bashir a waya, don ni ba ya iya yi mini doguwar magana. Ya ce ƙanwar yaron, Safiya, ta cika wata tara, lokacin allurar ƙyanda ya yi, kuma cutar ba ta bar ƙauyukansu ba. Rabi kuwa ta ce ƙafarta ba za ta sake taka asibiti ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, duk a banza. Ya ce to ta ba shi yarinyar ya kai ta da kansa, ta ƙi kwance goyon. "Ka gaya wa Inna," in ji shi, "ko ita za ta ji maganarta."

A tasha na sami ƙaramar mota mai zuwa Bibemi. Sefa dubu biyu kuɗin mutum, buhu kuma ɗari biyar. Direban, wani Hamadu, ya ɗaga buhun ya yi nishi.

"Hajja, wannan ai fasinja ne. Da na sani da na yanka masa tikiti."

"Sadakar arba'in ce."

Ya sauke murya. "Allah ya jiƙan rai." Ya mayar mini da ɗari biyar ɗin, na ƙi karɓa, ya tura ta cikin ƙullin gorona ya juya. Muka tashi wajen ƙarfe shida da rabi, mu bakwai ban da direba.

Pitowa da Adumri

Kafin Pitowa rana ta fito a kan dutsen Tingilin, kuma tun da safen nan aka fara jin zafinta, don tsakiyar bazara ne. Bayan mun bar kwalta jandarmomi suka tsayar da mu, kowa ya miƙa katinsa. Wani dattijo ya manta nasa a aljihun wata riga, aka ɗan ja magana, Hamadu ya zaga bayan mota da su, muka wuce.

Ni dai ba na cikin hirar motar. Magana nake shiryawa a zuciyata, wadda zan faɗa wa Rabi. A Garwa duk 'ya'yan Bashir an yi musu allura ba wata wahala. Uwarsu takan fita da safe, ta bi layi, kafin azahar ta dawo da yaro yana kuka. Saboda haka abin da na ɗauka shi ne Rabi ta yi sakaci da na farko, ga shi kuma tana neman ta ƙara da ta biyu. Na shirya kalmomina masu taushi, amma zargi ne a cikinsu.

Muka haye kogin Mayo Kebbi, ruwan ya janye sai yashi da 'yan tafkuna. A Adumri ranar kasuwar shanu ce, garke ya cika hanya, mota tana tafiya kamar ana tura ta. Daga fita garin kuma taya ta fashe, ta ajiya ma ba iska. Muka zauna a gindin darbejiya har bayan azahar. Wata Bafulatana ta sayar mana da kindirmo, na sha rabin ƙwarya, na bar wa dattijon nan sauran. Tafiyar da ba ta kai kilomita saba'in ba, sai gab da la'asar muka shiga Bibemi.

Bibemi

Na sauka gidan Gwaggo Dudu, matar abokin cinikin mijina, wadda yanzu take sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta girme ni, bakinta kuma bai tsufa ba. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta kawo tuwon dawa da miyar yakuwa ta zauna tana kallona.

"Na ga bakinki a cike. Faɗa za ki yi wa yarinyar nan."

"Nasiha dai."

"Nasiharku ta mutanen birni. Kin san sau nawa ta kai shi asibitin?"

Na ce ban san ta taɓa kai shi ba.

"Sau uku. Da ƙafa, da shi a baya. Na je gaisuwa, maƙwabtanta suka gaya mini, ita ba ta faɗa. Na farko aka ce ba ranar allura ba ce, ta dawo Talata. Ta koma Talata, su uku ne kacal, aka ce ba za a buɗe kwalba ba. Na uku da cikin Safiya a jikinta, su biyu, suka zauna har rana ta take, aka ce su dawo in mutane sun taru. Daga nan damina ta sauka, ciki ya yi nauyi, shi ke nan."

"Wace kwalba ce ba a buɗewa?"

"Oho. Wai maganin yara goma ne a ciki. In ba ku cika ba, sai ku koma gida. Ni ma da man gyaɗana in mutum ya ce cokali ɗaya yake so, ai zan buɗe masa galan."

Na kasa ƙarasa tuwon. Maganar da na ɗauko daga Garwa ta zube, ban kuma sami wata da zan sa a gurbinta ba.

Asibiti

Da safen Juma'a Gwaggo Dudu ta kira mini wani mai moto da ta yarda da shi, Yaya, mutum mai furfura a gemu, wanda ba ya gudu. Ya ɗaure buhu a baya, muka bi ta cikin gonakin auduga da aka riga aka cire, sai karare. Da muka yi kamar awa guda ya nuna mini wani gini mai ɗaki uku da rufin kwano, ya ce asibitin yankin ke nan, daga nan zuwa Wuro Tappe tafiyar awa ɗaya da rabi ce a ƙafa. Na ce ya tsaya.

Mutum ɗaya na tarar a ciki, ma'aikacin jinya, ana kiransa Mushe Pol, wato Malam Pol a bakin masu Faransanci. Yana wanke wa wani manomi rauni a ƙafa, ga wata mai ciki tana jira a benci. Na jira ya gama. Hausarsa kaɗan ce, sai muka yi Fulatanci. Na ce masa ni kakar wani yaro ce daga Wuro Tappe, kuma so nake in ga kwalbar da ake magana.

Bai yi musu ba. Ya buɗe firij ya ɗauko ta. Ba ta kai babban yatsana ba. Na yi zaton zan ga wani abu babba.

"Gari ne a ciki, Hajja," ya ce. "Da na haɗa shi da ruwansa, awa shida ke nan, abin da ya rage sai zubarwa. Ƙidayayye ake aiko mini. In na buɗe wa yara biyu na zubar da na takwas, wani makon goma su zo, me zan ba su? Can sama kuma za a tambaye ni inda na kai shi."

Na faɗi sunan Rabi da na mijinta. Ya mayar da kwalbar, ya rufe firij, sannan ya juyo.

"Na ji labarin yaron. Na tuna ta. Doguwa, ba ta magana. In na ce a dawo, sai ta gyara goyo ta tafi." Ya shafa fuskarsa. "Gaskiya zan gaya miki. Akwai waɗanda suke tayar mini da hankali, su yi ihu, su ce ba inda za su. Wani lokaci nakan buɗe musu. Ita ba ta taɓa cewa komai ba."

Na so in ji haushinsa, kuma na ji, amma ba kamar yadda na shirya ba. Idonsa ja ne irin na wanda bai yi barci ba, mai cikin nan kuma ta fara nishi a benci. Na ce, "In na kawo maka goma gobe Asabar fa?"

"Gidana yana bayan nan. Ko Lahadi ce ki buga mini ƙofa."

Na faɗi haka ne kawai. Ban san inda zan sami yara goma ba.

Wuro Tappe

Muka isa kafin a tafi masallaci. Malam Isiyaku ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ya karɓi buhu. Rabi ta fito daga ɗaki, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta ce, "Sannu da hanya, Inna." Na ce, "Ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya." Ba wadda ta yi kuka a cikinmu. Safiya tana leƙowa ta gefen kafaɗarta, da haƙora biyu a ƙasa. Na ce, "Ƙawata, ba gaisuwa?" Ta ɓoye fuska.

Da yamma muka jiƙa gero muna gyara na gumba. Nan na ce mata na tsaya a asibiti. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Ya ce ba ki taɓa yi masa magana ba."

"Me zan ce, Inna? In tsaya gaban mutane ina ɗaga murya a kan ɗan fari? A ce ga marar kunya?"

Mu haka aka rene mu, haka kuma na rene ta. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Tun da aka haifi Usmanu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, balle kuma sunan mahaifinta ne. "Yaron nan" take cewa. Ban taɓa tunanin wannan kunyar za ta bi ta har bencin asibiti ba.

Na ce, "To Safiya fa? Ita ba ta fari ba ce."

"Hanyar nan na san kowace bishiya a kanta. Ba zan sake bin ta a ce mini in dawo ba." Ta ci gaba da wanke gero. Na bar maganar.

Ranar arba'in

Da hantsi malamai suka taru a ƙofar gida, aka yi addu'a, aka raba goro. Mata kuma suka cika tsakar gida: Hausawan ƙauyen, Fulanin ruga, har da matan ƙabilar Mundang na tsallaken rafi, waɗanda ba addininmu ɗaya ba amma ba sa barin gaisuwar mutuwa. Ni aka ba rabon gumba. Ina zagawa da faranti ina sunkuyawa, sai na lura kusan duk wadda na miƙa wa akwai ɗan kai yana leƙe daga bayanta. Na shekara talatin ina sayar da atamfa, idona ya saba ƙirga tun kafin in sa shi.

Na tambayi ta farko, wata yarinya mai suna Hawwa, watan ɗanta nawa. Ta ce ya shekara. An yi masa ta ƙyanda? Ta ce ta je, aka ce ba su cika ba. Ta kusa da ita ta ce ita ma haka, sau biyu. Wata daga ruga ta ce ita ranar da ta je ita kaɗai ce. Sai magana ta ɓarke, kowa tana faɗin ranar da ta je. Na tsaya da faranti a hannu ina sauraro. Ashe yaran suna nan tun da daɗewa. Kowace uwa ta taka hanyar nan ita kaɗai, ranar da ta sami sarari, aka mayar da ita. Ba su taɓa haɗuwa rana ɗaya ba sai yau, a kan tabarmar jikana.

Na ƙirga waɗanda suka kai wata tara ba a yi musu ba. Takwas, ban da Safiya.

Na ce musu mutumin asibitin ya yi mini alkawari, in mun je yau zai buɗe. Wata ta ce mijinta bai sani ba. Wata tsohuwa, Dada Asta, ungozomar ƙauyen, ta daka mata tsawa: "Mijinki yana waje yana cin goron sadaka, nisan Makka ne?" Aka yi dariya, dariya ta farko a gidan tun da na zo. Na aika aka gaya wa Malam Isiyaku, shi kuma ya gaya wa liman, liman ya yi wa mazan magana tun ba su watse ba. Wani ya ce a ɗauki amalankensa.

Hawwa ce ta tambaya, "Hajja, nawa ya ce?"

Ban iya ƙarya ba. Na ce goma.

"Mu kuma takwas. In ya sake mayar da mu fa?"

Rabi tana bakin murhu, ta ba mu baya. Ba ta juyo ba ta ce, "Zai mayar da ku. Na san shi."

Wata ta fara kwance goyon da ta ɗaura. Ni ma na yi zaton abin ya rushe ke nan. Sai Rabi ta ajiye muciya, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi, Safiya a bayanta.

"Mu je," ta ce. "In zai mayar da su, ya mayar da su a gabana."

Ni da Dada Asta da masu ƙananan goyo muka hau amalanke, sauran suka taka. Rabi ta ƙi hawa. Tana gaba, ba ta kallon kowa, rana tana dukan mu. Mun isa bayan azahar.

Mushe Pol ya fito daga bayan ginin yana ɗaura maɓallin riga. Ya ɗaga yatsa ya fara ƙirga kawunan yaran da Faransanci, kamar yadda ya saba. Da ya zo kan Rabi yatsan ya tsaya. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi wa namiji ba.

"Mu tara ne," ta ce, da murya har ta bayan layi ta ji. "Ba mu cika ba."

Ya sauke hannunsa. Ya shiga ya buɗe firij.

Ɗaya bayan ɗaya aka yi musu, kuka ya cika ɗakin, Dada Asta tana yi wa kowane yaro tsiya. Safiya ce ta ƙarshe, ta tsala ihu ta kama wuyan uwarta. Ya ce musu akwai ta biyu bayan wasu watanni, Dada Asta ta ce ita za ta bi gida-gida ta tattaro su rana ɗaya. Sannan ya ɗaga kwalbar ya duba. Akwai ɗan ruwa a gindinta.

Rabi ta ce, "Wannan fa?"

"Na yaro ɗaya ne ya rage. In ba wanda ya zo kafin yamma, za a zubar."

Ta daɗe tana kallon kwalbar. "Ashe ana iya zubarwa," ta ce. Ta gyara goyo ta fita. Na same ta a bayan ginin, ta jingina goshinta da bango. Na tsaya kusa da ita na tare ta da mayafina don kada a gani, har ta gama kukanta.

Komawa gida

Na ƙara kwana biyu. Jikin Safiya ya ɗan yi ɗumi, ya sauka, har ta yarda ta zo hannuna ta ja mini ɗankwali. Ranar Litinin da sassafe Yaya ya zo da motonsa. Rabi ta rako ni har bakin gonaki, ta riƙe mini ƙullin kuka da daddawa da ta haɗa mini. Da zan hau ta ce, "Inna." Na juyo. "In kin je gida, ki riƙa sa Usmanu a addu'a." Wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinta. Na ce to.

A Bibemi na ba Gwaggo Dudu labari a tsaye, ta ce da ta sani da ta bi mu ko don ta ga fuskar mutumin. Na sami mota kafin azahar, ba taya da ta fashe, na shiga Garwa da la'asar. Wata maƙwabciyarmu mai aikin asibiti ta ce mini a ƙa'ida ko yaro ɗaya ne ya zo ya kamata a buɗe masa. Ni ban san ƙa'idarsu ba. Abin da na gani shi ne mutum ɗaya a ɗaki uku yana tsoron kada maganinsa ya ƙare, da mata masu tafiyar awa ɗaya da rabi suna jin nauyin buɗe baki. Ko Dada Asta za ta iya tattaro su karo na biyu, Allah ne masani.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Hamadu direba, da Yaya, da Gwaggo Dudu, da mai amalanke wanda ban ma tambayi sunansa ba, da matan da suka zo yi mana gaisuwa suka bi mu cikin rana. Allah ya raya Safiya da 'yan'uwanta takwas. Maigidana kuma, Allah ya sa mai ceto ne. Kwanon goron yana nan inda yake buɗe shi, ban ɗaga shi sama ba.